Allurar Jar Mota

Ƙawata, matso kusa, in za ki yi tambaya ki rage murya. Labarin jar motar Alhaji Maikuɗi na Gwarzo zan ba ki, wadda ya saya a hannun wani Baturen gyaɗa da zai koma ƙasarsu.

'Yar ƙaramar mota ce, kujera biyu, ba rufi, in ta tashi kamar an saki kibiya. Gaban direba agoguna ne jere, kowanne da allurarsa. Haladu direba bai taɓa kula su ba. Kullum da safe zai zaro sandar baƙin mai ya goge, ya mayar, ya sake dubawa, ya ƙara wa lagireto ruwa, ya bi tayoyi da dunduniya. Fetur kuwa karan dawa yake tsomawa a tanki ya ga inda ya jiƙe.

Duk gidan, Furera matar Alhaji ce kaɗai ta san boko. Ba wanda ya zaunar da ita, a jikin buhunan gyaɗa ta tsinci haruffa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ranar da Alhaji ya so sanin aikin agogunan, ita ya kira rumfar da ake ajiye motar. Ya murɗa makulli, allurai suka motsa. Wani agogo harafi biyu ne kawai a jikinsa, ɗaya a kowane gefe, Haladu ya ce Bature ya gaya masa na fetur ne. Furera ta gane haruffan nan take.

"Alhaji, ba ɗazu aka ba Haladu garwa biyu ya zuba ba? Allura cewa take babu komai a ciki."

Haladu ya rantse har da hawaye. "Ranka ya daɗe, a tsoma kara a gani mana!"

"Karan dawa ne zai ƙaryata agogon Bature?" in ji Alhaji.

Kafin la'asar an sallame shi, kafin Juma'a duk Gwarzo ta ji cewa Haladu sayar da man ubangidansa yake yi.

Alhaji ya ɗan iya tuƙi, sai ya karɓi motarsa. Ya zuba garwa guda da hannunsa, rabi a kan takalmansa. Kwana biyu allura ta soma barin gefen babu tana matsawa. Furera ta yi hamdala, ta ce ashe haram ce ke hana abu albarka.

Wata Laraba da hantsi, Indo, 'yarsu mai shekara bakwai, ta taka kububuwa a cikin harawa. Aka ɗaure ƙafar, aka yi tofi, aka jiƙa saiwa. Kafin azahar kumburi ya kai gwiwa, jini na tsattsafowa daga dasashinta. Malamin ɗakin magani ya ce maganin wannan dafi sai asibitin birni, kuma kada rana ta faɗi ba su isa ba.

Furera ta shiga mota da yarinyar a cinya. Alhaji ya murɗa makulli.

"Duba mana mai," in ji shi.

"Akwai, Alhaji. Allura ta kusa ƙure gefen akwai."

Ya dubi garwar da ke jingine a rumfa, babu wurin sa ta, ya bar ta.

Suka ɗauki hanya. Furera na ta jan Hasbunallahu, tafin hannunta a goshin Indo. Gonaki na wucewa, ƙauyuka na wucewa. Sun hango itatuwan Kabo kenan motar ta yi tari, ta fizga, ta sake fizga, ta mutu.

Alhaji ya murɗa, ya murɗa. Ya buɗe murfin inji ya tsaya yana kallo, bai san me zai taɓa ba. Lagireto da ruwa, taya ba ta sace ba. Inuwar motar ta soma tsawo. Indo ta daina kuka, wannan ya fi kukan tayar wa uwarta hankali.

Sai bayan la'asar wata babbar motar gyaɗa ta tsaya. Haladu ne ya diro daga sitiyari, tare da Jibirin malamin sikeli, wanda ya yi makaranta a birni. Haladu ya dubi ƙafar yarinyar. Ya karyo kara a bakin gona ya tsoma a tanki. Ya fito a bushe ƙayau.

Ya sauko da tasa garwar ya soma zubawa. Makulli na murɗe, idon Furera na kan agogo. Mai na shiga, allura na komawa gefen babu. Ta yafito Jibirin ta tambaye shi a hankali, ya sunkuya ya ba ta amsa, ba wanda ya ji sai ita.

Haladu ne ya ja jar motar har birni, ya bar Alhaji a bakin hanya da buhuna. Sun isa ana kiran magariba. Indo ta rayu. Likita ya ce da sun zo kafin la'asar, da ƙafar ma ta tsira. Alhaji ya ɗauka tankin ne ke yoyo, ya sayar da motar. Haladu kuwa har yau wasu tsofaffin Gwarzo ɓarawon mai suke ce masa.

Abin da Jibirin ya ce shi ne, "Inna, ai agogon nan Turanci yake yi. F a bakinsu cike ne, E kuma babu." Ita kuwa Furera da ta ga F, fanko ta karanta, da ta ga E, ta ɗauka motar ce ke amsa mata e, akwai. Don girman Allah, ƙawata, ya tsaya tsakanina da ke, kada kowa ya ji, balle Indo, ga ta nan tafe, ina jin sandarta a zaure.