Wankin Zannuwan Otal

Manajan otal ya ɗaga zanin gado ya shinshina, ya ja tsaki. Ba wai bai fita ba ne, ya fita tas, har da ƙamshi. Abin da ke ci masa rai shi ne kamfanin wankin ya maƙale masa kamar cingam a takalmi.

Shi ya sa hannu a yarjejeniyar, yana waya yana hamma. Sai daga baya lauya ya nuna masa wani siririn layi can ƙasa: in ba a kai takardar sallama wata guda kafin shekara ta cika ba, yarjejeniya ta sabunta kanta, farashi kuma ya ɗan ƙara tsawo. Duk ranar da ya buga waya zai yi faɗa, amsar ɗaya ce: "Mai kamfani na cikin taro, ranka ya daɗe."

Ba don bai yi ƙoƙari ba. Bawan Allah dai ba shi da sa'a, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Ko allura ya saya, sai matarsa ta ji labari kafin ya cire takalmi. Shekarar farko mantawa ya yi. Ta biyu, ana gobe wa'adi zai cika, matar ta ce jikin mahaifiyarta ya tashi, suka kwashi hanya, suka tarar da tsohuwa garau tana shara tana waƙa. Bara kuwa a aljihu ya bar takardar, aka jiƙa rigar da ita. Matar ta yi ta ba shi haƙuri har da 'yar ƙwalla, shi ya koma yana lallashinta. Ina zai iya fushi da macen da ba ta taɓa tayar masa da hankali kan kuɗin makaranta ko na cefane ba? Ko a gaban abokai yakan ce samun mace mai tattali irin tasa sai an tona.

Bana yayansa, wanda shi ne mai otal ɗin, ya kira shi ofis. "Ga wani kamfani mai sauƙi na jira. In ka sake yin barci, ka ajiye mini makullai."

Tsoro ya kama shi sosai, don ba shi da wata sana'ar. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya ja bakinsa ya yi gum. Kai, ya sha wuya! Matar na tambayarsa labarin aiki, yana cewa lafiya lau, maganar na yi masa ƙaiƙayi a maƙogwaro.

Ranar ƙarshe da safe ta ce ya kai ta asibiti a duba mata ido. Ya ce gobe. Ta ce famfon bayan gida na yoyo. Ya ce ya yi ta yi. Ya soke takarda cikin safa, ya fice.

A kamfanin injuna na ruri, tururin guga ya cika ko'ina. Yarinyar da ke kan tebur ta karanta takardar, ta dube shi, ta ciji leɓe.

"Baba, ka tabbata?"

"Buga hatimi, 'yata. Ki gaida mini mai taro."

Da yamma ya shigo gida yana taku ɗai-ɗai, ya baje a kujera, ya kwance bakin da ya daɗe a ɗaure. Ya faɗi yadda ya yi dabara, ya faɗi yadda 'yan wanki za su yi kuka. Matar ta zuba masa shayi, ta tura masa sukari, ta bari ya kai aya.

"Sannu da ƙoƙari, Baban yara," ta ce tana murmushi. "Sai ka fara shirin kuɗin makaranta da na cefane daga watan gobe, don kamfanin da ka kora yau nawa ne."