Orait ɗin Baba

Baba ya dawo cirani daga Katsina da kalmar Turanci guda, "orait". Da ita yake kora jaki, da ita yake rufe ciniki.

Wata azahar Inna ta aike ni gonarmu, bakin tafkin Madarumfa, in kai masa fura. Ina hango shi na sa gudu, na yi tuntuɓe, ƙwaryar ta kife. Tun asuba bai ci komai ba.

Ya dubi furar tana nutsewa cikin yashi, ya dubi gwiwata.

"Orait, ɗiyata. Tashi mu ga ciwon."

Ya share jinin da bakin rigarsa, ya koma noma har magariba.

Na tsufa ban iya Turanci ba, amma duk jikan da ya fasa mini tulu, kalmar da yake ji ke nan.