Kyandir ɗin Jane

Jane ta ɗauki ɗan almakashinta ta rage kan lagwanin, ta goge bakin kwalbar da tsumma, sannan ta ƙyasta ashana. Matan zumuntar majami'a huɗu da ke zaune a falon suka gyara zama, kai ka ce wa'azi za a fara.

Kyandir ne mai ƙamshi a cikin koriyar kwalba mai murfi. Wata Baturiyar mishan ce ta ba ta shi a Malumfashi a 1978, ranar da za ta koma ƙasarsu. Tun daga nan Jane ta daina taka ƙasa. Mijinta Luke akawu ne kawai a wurin gurzar auduga a Funtua, amma in ka ji tana magana sai ka rantse da ita aka gina Ingila.

Kyandir ɗin yana da dokoki fiye da gidan yari. Ba a kunna shi kusa da labule, ba a barin shi shi kaɗai a ɗaki, ba ya wuce awa guda yana ci. Ba a hure shi da baki, murfi ake kifa masa. Gaskiya dokokin ba su da laifi, mai dokokin ce abin haushi.

"Shekara uku ke nan, ko rabi bai yi ba," in ji ta. "Kayan Turai ba ya ƙarewa."

Salome, ɗaya daga cikin baƙin, ta shaƙi hayaƙin ta ce ita kam ƙamshin ɗakin amaren ƙauyensu yake tuna mata. Jane ta yi dariya har da riƙe ciki. Ina jaki ya san daɗin furen Ingila?

Babbar dokar kuwa a kan mutum ɗaya aka kafa ta: Hansai, uwar Luke. Bamagujiya ce daga wani ƙauye bayan Maska, ɗanta ya ɗauko ta bayan rasuwar mijinta, wanda ya yi suna wajen ɗora amyar zuma. Jane ta ba ta ɗakin da ke jikin madafa, ta kuma hana ta taka falo. Ba ta taɓa kiran ta Inna ba, sai dai Tsohuwa.

Hansai ba ta da yawan magana. Yini take da mazarinta tana kaɗi. In masu zuma sun shigo gari, ba zumar take roƙo ba, sai saƙar da aka matse za a yar, abin da Jane ke kira kwaɗayin ƙauye. Ba ta zuwa majami'a, don haka kowace Lahadi ita ake bar wa gida.

Wata Lahadi ciwon kai ya koro Jane tun ba a tashi ba. Tana shiga ta tarar da Hansai tsugune a gaban murhu, koriyar kwalbar a hannunta, wuƙa a gefe, ga wata 'yar tukunya a kan wuta.

Ihun da Jane ta yi har makwabta sun leƙo. Da Luke ya dawo ta tare shi a bakin ƙofa.

"Tsafi take mana! Ko ni ko ita a gidan nan."

Luke ya durƙusa gaban uwarsa. "Inna, me kike yi da shi?"

Hansai ta dubi ƙasa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya kare kanta a gabansa da matarsa. Ta ce, "Ba komai, yaron nan."

Namijin duniya! Washegari ya sa uwarsa a motar Maska da ƙullin kayanta, ya mayar da ita kangon da ba kowa a ciki sai ɓeraye. Jane ta wanke bayan kwalbar da sabulu har sau uku.

Ba a yi wata biyu ba kyandir ya fara sauka. Jane ta rage masa lokaci zuwa rabin awa, ya ci gaba da sauka. Ta daina kunnawa sai ga matar fasto, bai fasa ba. Ta bi gida gida tana cewa hannun Tsohuwa ne ya kashe masa albarka, matan zumunta suna gyaɗa kai. Ranar da lagwanin ya kwanta a gindin kwalbar ya mutu, ta yi kuka da majina.

Da damina aka aiko Hansai ta rasu. Zazzaɓi ne, ta kwana uku a kwance ba wanda ya sani. Jane ba ta yi kuka ba, ba ta kuma je ba, ta ce hanyar taɓo ce.

Luke ya dawo daga ƙauyen da ƙullin nan da uwar ta tafi da shi, ya ajiye a tsakiyar falo. Jane ta toshe hanci, ta kwance shi da yatsu biyu, tana jiran ganin layu da ƙahoni.

Ƙamshin da ta shekara uku tana kira furen Ingila ne ya buge ta. Curin kakin zuma ne a ciki, da dakakken kajiji a tsumma, da damin lagwani na zaren hannu, kowanne an yanke shi daidai tsawon kwalbarta.