Takalmin Zaman Gida

Almakashin ya sake suɓucewa daga hannun tsohon daidai lokacin da Manaja yake wucewa. Manaja ya ɗaga masa yatsa ɗaya kawai. Tsohon ya gane. Sau biyu aka kai ƙararsa a watan nan, wai hannunsa na rawa, yana ɓata wa mutane lokaci. Saura ƙara ɗaya ya ajiye rigar aiki, kuma mai shekara sittin da uku ba ya fita neman sabon aiki ya samu.

Shagon na masu neman arha ne, inda ake sayen abu a ɓoye ledarsa don kada maƙwabta su gani. Teburinsa na can kusurwa, kusa da kantar da aka rubuta wa "Kyautar Iyaye Maza". Aikinsa shi ne ya taya mutum zaɓe, ya ɓamɓare takardar farashi don rufin asiri, ya naɗe, ya rubuta kati. Kafin ya liƙe kuma dole ya karanta katin da ƙarfi mai kaya ya ji. Dokar shagon ce tun ranar da aka aika wa wani ango katin jaje.

Tun daga ƙofa ya hango wata mata tana shigowa, ya kuwa gane ta. Ba ta ɗauki kwando ba, ba ta tsaya duba kayan shagon ba. Kai tsaye ta nufo teburinsa, ta dire jakarta a kan takardun naɗi.

"Malam, kyauta nake nema wa babana. Yau ya ajiye aiki. An ce kai ne gwanin sanin abin da ya dace da uba."

Duk mai shigowa shagon nan yakan gaishe shi ko don furfurarsa. Ita ko sannu ba ta yi masa ba.

Ya ɗauko agogon hannu. Ta kalle shi ta taɓe baki, ta ce babanta ba ya buƙata, ya san lokacin komawa gida ba sai an tuna masa ba. Ya miƙo 'yar jakar tafiya mai zif biyu, ta ture ta da hannun hagu har ta faɗi ƙasa.

"Jaka? Ina za shi? Babana ba matafiyi ba ne."

Ya sunkuya ya ɗauka, gwiwarsa ta yi ƙara. Tocila, walat, tabarau, reza, kofin shayi mai murfi, duk abin da ya ɗago sai ta sami abin da za ta yaɓa masa, kuma da muryar da za ta kai layin biyan kuɗi. Mutane suka fara waiwaye. Wata tsohuwa ta ce 'yan matan yanzu ba su da ta ido. Manaja ya baro ofishinsa ya tsaya nesa kaɗan, hannu a ƙirji.

Tsohon ya haɗiye haushinsa, don ya san ba shi da bakin magana a gabanta.

Daga ƙarshe ita da kanta ta miƙa hannu can ƙasan kantar, ta zaro silifa mai laushi, mafi arha a wurin.

"Wannan. Takalmin zaman gida."

"Lamba nawa yake sawa?"

"Ƙara biyu a kan taka."

Ya ɗauko lamba arba'in da huɗu. Ya ɓamɓare farashin, ya jawo takarda ruwan ɗorawa ba tare da ya tambaye ta launin da take so ba. Ta ga hakan, muƙamuƙinta ya motsa, amma ba ta ce ya canza ba. Abin mamaki, hannun da ke rawa tun safe ya tsaya cak. Ya ninke kusurwa huɗu, ya ɗaure da zare, ya ɗauki biro.

Ta faɗi abin da zai sa a katin a hankali, kalma bayan kalma, tana kallon tsakar idonsa. Ya rubuta, ya yi sauri zai cusa katin a ambulan.

"Ba ka karanta ba," ta ce. Ta juya wajen Manaja. "Ko an soke dokar ne?"

Manaja ya matso. "Karanta mata."

Tsohon ya ɗaga katin. Haka ya karanta shagon duka na ji: "Baba, na gode da ka ɗauki 'yar da ba kai ka haifa ba, ka zauna. Ba ka taɓa cewa za ka je ka dawo ba."

Tsohuwar nan ta ce Allah sarki, ta share ido. Manaja ya tambayi matar ko tana da ƙorafi a kan ma'aikacin. Tsohon ya dafe gefen tebur, yana jiran yankan.

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ɗauki kayanta.

"Ku bar shi, ya iya aikinsa. Tun da can gwani ne wajen naɗe kaya."

Ta gilashin ƙofa ya bi ta da ido. Wani dattijo mai sanda yana jiranta a jikin mota. Ta ɗaga masa ƙunshin tana dariya, ta kira shi da ƙarfi har cikin shago aka ji: "Baba!"

Rabon da tsohon ya ji kiran nan daga bakinta, tun tana 'yar shekara shida cikin riga ruwan ɗorawa, tana riƙe da ƙafar wandonsa a bakin ƙofa, shi kuwa da jakar tafiya a hannu.