Sarƙa Mai Jan Ƙyalle

"Jijjiga ta da kanka, ranka ya daɗe," in ji manajan kamfanin tireloli.

Jami'in duba lodi ya kama sarƙar ya girgiza. Ko gezau. Wani naɗin ƙarfe da ya fi giwa nauyi ya zauna daram a bayan tirela, sarƙa ta ratsa cikinsa ta ɗaure shi tamau. Jami'in ya ɗaga hannu, mota ta fita.

Can an jima wata ta shigo, daga baya wata. Ɗaurinsu iri ɗaya, har da jan ƙyalle a ƙugiyar sarƙa.

"Wannan ƙyallen fa?"

"Alamar kamfani ce, ranka ya daɗe."

Shi da ake wa kirari da Idon Mikiya, yau ya rasa abin kushewa. Ya tara direbobi ya ce da kowa haka yake, da tuni ya yi ritaya. Suka tafa har da fito.

A hanyarsa ta komawa ofis, cunkoso ya tsayar da shi a tsakiyar hawan tudu, hancin motarsa a gindin tirelar da ya sallama ƙarshe. Sai ga wani ma'aikacin kamfanin ya haye bayanta, ya kwance sarƙar, ya labta wa babur, jan ƙyallen na reto. Da ya hango jami'in sai ya washe baki.

"Sannu da aiki, Oga! Ita kaɗai gare mu, wata motar na jira!"

Jami'in ya waiga. Baya mota, gefe mota.

Tirelar ta yunƙura. Naɗin ƙarfen ma ya yunƙura.