Jini a Rigar Dogo

A wajen wanki na fara gane akwai wani abu. Riga uku cikin wata ɗaya, kowacce da ɗigon jini a ƙirji.

Dogo ɗana ne, shekararsa goma sha shida, kuma ba ya haɓo haka kawai. Tun yana sha uku muka san baiwar da Allah ya yi masa. Kare ya ciji 'yar maƙwabciyarmu, yarinya ta koma ko kyanwa ta gani sai ihu. Dogo ya ɗora babban yatsansa tsakanin girarta, ta yi shiru, ta tambayi abin da ya sami ƙafarta. Shi kuma hancinsa ya ɓalle da jini. Babansa ya sa shi ya rantse ba zai ƙara taɓa goshin kowa ba.

Wata biyar ke nan da rasuwar baban nasa. Babbar mota ce ta bi ta kan babur ɗinsa da safe, a hanyar makaranta. Gida ya rage daga ni sai Dogo sai keken ɗinkina.

To goshin wa yake taɓawa?

Na sa masa ido. Ba ya zuwa ƙwallo, ba ya zama da abokai. Daga makaranta sai gida, ya zauna bakin ƙofar ɗakina yana kallona kamar mai gadin tukunya.

Sai na fara lura da kaina. Ranar Talata na yanka masa wandon makaranta, na duba tebur na ga wando biyu, ban san yaushe na yanka na biyun ba. Mai kantin unguwa ya ce na zo shekaranjiya ina kuka, ya rako ni har gida. Ni ban tuna na fita ba. Matan da ke kawo ɗinki kuwa, in sun ce "Allah ya jiƙansu", sai su dubi juna su hau zancen yadi.

Ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin an sa masa sabon kwaɗo, makullin yana wuyan Dogo. Hotunansa na ƙuruciya da ke cikin akwatina, duk an bi gefensu da almakashi. Almakashina ne, na san haƙorinsa.

Na yi tunanin komai. Ko kayan babansa yake kwashewa. Ko wani mugun abu ya yi a gabana yake gogewa. Miji ya tafi, ga ɗan da ya rage mini yana shiga kaina kamar ɗakin uwarsa, ya ɗauki abin da ya ga dama.

Jiya da safe na ja ɗankwalina har kan gira, na zauna bayan keke, na kira shi.

"Tsaya daga nan. Kada ka matso."

"Mama, zan makara."

"Ka makara. Ba shugaban makaranta ne ya haife ka ba. Sau nawa ka taɓa ni?"

Ya ajiye jakarsa a hankali. Sai lokacin na ga yadda ya rame.

"Sau shida," ya ce. "Ke kike roƙona. Har ƙafata kike riƙewa. Amma ba ya zama, Mama. Bayan kwana goma sai ya fara dawo miki, ki daina ci, ki daina magana."

"Ƙarya kake. Ba abin da na manta na babanka. Har tarinsa na safe ina ji a kunnena."

"Ba Baba ba ne."

"To wa?"

Ya dubi ƙofar ƙaramin ɗakin, ya goge ido da bayan hannu.

"Mama," ya ce, "mu biyu kika haifa rana ɗaya."