Cefanen Tanimu

Tun da jiragen ruwa na dakon kaya suka fara tuƙa kansu, mai gadi ɗaya ake bari a ciki. Jirgin ne ke yi masa cefane a duk tashar da ya tsaya.

Inna Kande ta je rumfar Sallau, mai duba wa mutane inda jirage suke, don jin labarin ɗanta Tanimu, mai gadi a ɗaya daga cikinsu.

"Lafiya lau, Inna. Jirgin ya tsaya Dakar, ya tsaya Lome."

"Me ya saya masa a Lome? Yaron ba ya son kifi."

Sallau ya daɗe yana kallon na'urarsa.

"Mai kawai jirgin ya sha. Tun Dakar bai sayi abinci ba."

Ta gyara mayafinta. "Wataƙila azumi yake. Zan dawo jibi."